A dawo da rumbu cikin gidajen birni

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin magidanta, musamman mazauna birane, game da wata al'ada da muka gada daga iyaye amma muka sake ta ba tare da mun sami madadinta ba, wato tanadin abinci da kayan masarufi a cikin gida. Na zaɓi yin maganar a yanzu ne saboda kaka ta yi, sabon hatsi ya fara sauka a Dawanau da kasuwannin ƙauye, kuma duk wanda zai yi wani abu a kan wannan batu to yanzu ne lokacinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya same mu a 'yan shekarun nan kaɗai ya isa hujja. A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda annobar korona, azumi ya kama mutane a kulle, har sai da gwamnati ta ware ranakun Litinin da Alhamis domin a fita cefane na 'yan sa'o'i, kuma duk wanda ya shiga kasuwa a waɗannan ranaku ya ga yadda ake turereniya a gaban mai awo, ya ga farashin tiya ɗaya yana canzawa tsakanin hantsi da azahar. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kasuwa a buɗe take, hatsi yana nan jibge, amma mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen ko da kwano ɗaya, saboda dattijuwar da ke sayarwa ba ta da asusun da za a tura mata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyaka, garuruwa irin su Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, waɗanda cinikinsu ɗaya ne tun kaka da kakanni, suka wayi gari hanyar kayansu ta toshe. A watan Agustan 2024 aka kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Kano da wasu jihohin Arewa bayan zanga-zangar tsadar rayuwa. Wata guda bayan haka madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri cikin dare, sannan a watan Oktoba aka yi fiye da mako guda yawancin Arewa ba wutar lantarki, rijiyoyin burtsatse da yawa suka tsaya, kuɗin jarkar ruwa ya tashi, abin da ke cikin firji ya lalace.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kasance fari ko ƙarancin amfanin gona. Abinci yana nan a ƙasa, hanyar da yake bi ya iso tukunya ce take yankewa, wani lokaci ta wajen kasuwa, wani lokaci ta wajen kuɗi, wani lokaci ta wajen wuta da ruwa. Gidan birni a yau ya mayar da kantin bakin layi da mai awon unguwa su ne rumbunsa, kullum da safe a ba yaro kuɗi ya sayo gwangwani biyu na shinkafa da ƙullin mai da ƙullin gishiri, kuma duk ranar da kantin bai buɗe ba to tukunya ba za ta hau wuta ba.

Iyayenmu na karkara ba haka suka rayu ba. Manomi yakan ɗaure gero da dawa dami-dami, ya zuba su a rumbu da zangarniyarsu ba tare da an sussuke ba, domin hatsin da bai rabu da zangarniya ba ya fi jure ƙwaro, gero musamman yakan yi shekaru bai lalace ba. Ana ɗora rumbun a kan duwatsu saboda gara da damshi, a rufa masa jinka saboda ruwa. Akwai rumbun da maigida ba ya yarda a buɗe sai damina ta faɗi, lokacin da aikin gona ya yi tsanani hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa, kuma ana ganin abin kunya ne a ce mutum ya cinye abincin damina tun da rani. Uwargida ma tana da tata ajiyar a ɗaki: kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi, daddawa da kanwa da barkono, kauɗar tumatir da aka shanya lokacin da yake araha. Wahala ce ta koya musu wannan tsari. Yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, da farin da aka yi a farkon shekarun 1970 wanda ya kashe dabbobi ya kuma kori jama'a daga garuruwansu a Nijar da Arewacin Najeriya, sun bar darasin da tsofaffi ba su taɓa mantawa ba. Mu da muka dawo birni mun zo da tuwon da miyar, amma rumbun mun baro shi a ƙauye.

Na san akwai masu ganin cewa tanadi rashin tawakkali ne, tunda bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne arziki na Allah ne, amma a cikin Suratu Yusuf Annabi Yusuf (AS) da kansa ne ya ba mutanen Masar shawarar su yi noma shekara bakwai, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci, domin shekarun tsanani da ke tafe. Ya kuma tabbata a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Abin da shari'a ta hana shi ne ɓoye kaya, wato mai kuɗi ya kwashe abincin kasuwa ya kulle har sai ya yi wuya sannan ya fito da shi, kuma irin wannan zargi ne ya sa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau a watan Fabrairun 2024. Malamai sun bambanta wannan da magidancin da ya ajiye abincin iyalinsa, tare da sharaɗin da ya kamata masu hali su lura da shi: idan lokacin ƙunci ne, abinci ya yi ƙaranci a kasuwa, to kada mutum ya sayi na shekara ya ƙuntata wa jama'a, ya tsaya a kan na kwanaki ko na wata. Saboda haka tanadin da nake kira a yi da kaka ake yin sa, lokacin da abinci ya wadata, ba ranar da aka ji jita-jitar za a rufe gari ba. Sayayyar firgici ita ce take ninka farashi a kan talaka cikin yini ɗaya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na wanda zai ce, mutumin da yake hannu baka hannu ƙwarya, sai ya fita yake samun na cefane, da me zai yi tanadi? Wannan tambaya ce ta gaskiya, musamman idan aka tuna cewa bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Amma fa wannan mutumin shi ne ya fi kowa buƙatar tanadi, domin mai albashi idan aka rufe gari kwana uku albashinsa yana nan, shi kuwa ɗan dako da mai tura ruwa da mai Adaidaita Sahu ranar da ba su fita ba babu ko sisi. Kuma shi ne yake sayen abinci da mafi tsada, tunda farashin gwangwani ya fi na tiya, na tiya kuma ya fi na buhu. Ban ce ya ajiye abincin shekara ba. Abincin mako biyu ma babban abu ne, domin wasu daga cikin matsalolin da na ambata sun lafa ko sun sassauta cikin irin wannan lokaci. Lissafin ba shi da wuya, kuma uwargida ta fi maigida saninsa: gidan da yake cin tiya ɗaya ta hatsi a rana yana buƙatar tiya 14 domin mako biyu, buhu mai tiya 40 kuwa zai kai shi kwana 40. Idan ana ɗiban gwangwani ɗaya daga awon kullum ana zubawa a jarka, ko a ƙara tiya ɗaya duk ranar da kasuwa ta yi kyau, kafin bazara an tara abin da ake nema.

Akwai kuma hanyar da matanmu suka daɗe da sani, wato adashi. Gida huɗu ko biyar a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su aiki mutum ɗaya amintacce kasuwar ƙauye da kaka, ya sayo buhu a raba tiya-tiya, kowa ya sami farashin sari, kuɗin mota kuma ya rabu. A Nijar an daɗe ana kafa bankunan hatsi a ƙauyuka, inda ake sayen hatsi da kaka a ajiye, a sayar wa mutanen gari da rangwame idan damina ta faɗi, kuma ban ga abin da zai hana kwamitin masallacin unguwa ko ƙungiyar mata yin ƙaramin irinsa a birni ba, muddin an sami riƙon amana da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Masu noma da yawa su ma su tuna cewa zakkar hatsi ranar girbi ake fitar da ita, kashi ɗaya cikin goma ga noman damina, rabin haka ga wanda aka shayar da wahala, kuma da ana fitar da ita yadda ya kamata da gidaje da yawa sun shiga rani da abin ajiyewa.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen adanawa, kuma a nan nake so in tsaya sosai. Mutane da yawa sun taɓa sayen buhun wake da kaka, bayan wata uku suka kwance suka tarar ƙwaro ya huda shi ya zama gari, daga nan suka rantse ba za su ƙara ba. Abu na farko shi ne bushewa. Sabon hatsi yakan zo da sauran danshi, sai an sake shanya shi a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa ba, har ya zama idan aka ciji ƙwaya ɗaya za ta fashe da ƙara maimakon ta lanƙwashe a haƙori. Wanda yake son ya tabbatar ya sami kwalba busasshiya, ya zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza, ya bar ta ta ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to hatsin bai bushe ba. Wannan yana da muhimmanci musamman ga masara da gyaɗa, domin idan aka ajiye su da danshi suna yin hunhuna mai haifar da gubar aflatoksin, wadda take lalata hanta, take kuma hana yara girma yadda ya kamata, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yi ɗaci ko ta canza launi zubar da ita ake yi, ba a mayar da ita ƙuli-ƙuli.

Abu na biyu shi ne hana iska shiga. Ƙwaro yana numfashi, idan aka toshe masa iska zai mutu da kansa ba tare da an sa magani ba. A kan wannan hikima aka yi buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Kamaru, kuma ana samun sa a kasuwanninmu. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ana fara duba ledojin a tabbatar babu huda, a zuba wake a ta ciki, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin a naɗe shi a ɗaure da igiya, sannan a ɗaure ta biyu daban, a ɗaure buhun waje daban. Idan ba a buɗe ba wake yakan yi watanni da yawa kamar ranar da aka zuba shi. Wanda abinsa bai kai buhu ba, jarkar man gyaɗa da aka wanke ta bushe ƙarau tana yin wannan aiki, a cika ta har wuya, a sa leda a baki sannan a murɗa murfi. Dabarun iyayenmu na gauraya wake da toka ko yashi mai laushi, ko sanya busasshen barkono da ganyen darbejiya, su ma suna taimakawa ga ɗan abin da ba shi da yawa. Kowane irin buhu ne, a ɗora shi a kan katako, a ja shi daga jikin bango, saboda damshi da ɓera.

Abin da nake roƙon jama'a da babbar murya su daina shi ne zuba maganin ƙwari na gona a cikin abinci. Sinadarin da ke cikin Sniper da ire-irensa ba don abincin da za a ci aka yi shi ba. Saboda samun ragowarsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa. Haka nan ƙwayar nan da 'yan kasuwa suke jefawa cikin buhu, wadda take fitar da iska mai guba, an yi ta ne domin manyan ɗakunan ajiya da ƙwararru suke kula da su, kuma ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da yara suke kwana yana iya kashe su cikin dare. A gidan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu, inda wurin ajiya da wurin kwana ɗaya ne, babu wani uzuri na amfani da ita.

A kuma lura cewa gari ba ya daɗewa kamar tsaba, saboda haka hatsi a ajiye shi da ƙwayarsa, a riƙa niƙa na 'yan kwanaki. A riƙa cin tsoho ana mayar da sabo a madadinsa. Ya kamata a haɗa da abin da ba ya cin wuta da yawa, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da taliya da garin kunu, domin ranar da gas ya ƙare gawayi kuma ya yi wuya, wake ba zai dafu ba. Mai da gishiri da kayan miya busassu, da ashana da sabulu, duk suna cikin lissafi.

Ruwa shi ne aka fi mantawa da shi, alhali an fi saurin jigata da rashinsa. Ƙa'idar da masu aikin agaji suke bi ita ce aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana domin sha da girki da tsafta, wato gida mai mutum takwas yana buƙatar kusan jarka 5 mai lita 25 kullum. Ba kowa ne yake da wurin ajiye na mako ba, amma duro ɗaya mai murfi da ake sabuntawa, da randa ta ruwan sha, za su riƙe gida kwana biyu ko uku. Bayan ambaliya ruwan rijiya yakan gauraya da na masai, daga nan amai da gudawa suke ɓarkewa, don haka a tafasa na sha, a kuma ajiye 'yan ƙullin gishiri da sukari na asibiti, wanda araha ne kuma yana ceton ran yaro kafin a kai ga likita. Mai hawan jini da mai ciwon sukari kada su jira sai ƙwayar ƙarshe ta ƙare sannan su nemi wata. Audugar mata da abincin jariri suna cikin abin da maigida yakan manta da shi idan shi kaɗai ya yi lissafi. Fitila mai cajin hasken rana da ƙaramar rediyo mai batir sun nuna amfaninsu a duhun Oktoban 2024, kamar yadda ɗan kuɗi a hannu, ƙananan takardu, ya nuna nasa a 2023. Mazauna kwari da bakin rafi su ɗaga ajiyarsu sama, su kuma haɗa takardun gida da na makaranta a leda ɗaya wadda za a iya ɗauka a guje. Abu ɗaya da ban yarda a tanada a gida ba shi ne man fetur a jarka, domin tururinsa kaɗai yana kama wuta daga murhu ko ashana, kuma a unguwannin da gidaje suke manne da juna gobarar ba ta tsayawa a gida ɗaya.

Ba kowace shekara ce farashi yake tashi bayan kaka ba. A 2025 farashin masara da sauran hatsi ya faɗi ƙwarai, waɗanda suka tara domin riba suka tafka asara. Wannan bai shafi magidancin da nake magana a kansa ba, tunda shi ci zai yi ba sayarwa ba, amma yana nuna cewa bai kamata a ci bashi mai nauyi ko a sayar da kadara domin a cika ɗaki da buhuna ba.

Hukuma ma tana da nata rabon. Duk lokacin da za a kafa dokar hana fita wadda ba ta gaggawa ba, a ba mutane sanarwa da wuri, a kuma buɗe kasuwannin unguwanni maimakon a tara gari guda a kasuwa ɗaya. Malaman gona, waɗanda muka saba gani a ƙauye kawai, ya kamata a ji su a gidajen rediyo da kaka suna koya wa matan birni yadda ake busar da hatsi da ɗaure buhu, limamai kuma su bayyana wa jama'a bambancin tanadin iyali da ɓoye kaya, tare da haƙƙin maƙwabcin da tukunyarsa ba ta hau wuta ba a kan wanda yake da ajiya.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina da buƙata a wurin jaridarka. Ina roƙon ku ware ɗan fili kowane mako, daga kaka zuwa faɗuwar damina, ku riƙa buga farashin buhu da na tiya na gero da dawa da masara da wake da shinkafa a manyan kasuwanni kamar Dawanau da Dandume da Giwa da Maigatari da Potiskum, tare da ranar da kowace take ci. Magidanci ko ƙungiyar adashin da suka tara ɗan abinsu za su san inda za su nufa da lokacin da ya dace su saya, kuma zai yi wa dillali wuya ya faɗa musu farashin da ba shi ne ba.

Wassalam.

Daga mai karatunku,
Kano.